Ina son shiga masu kwaikwayon yaƙin basasar Amurka, da me ake farawa?

Bazazzagi a Maryland:

Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune a jihar Maryland, kuma na daɗe ina ganin ƙungiyoyin nan masu sa shuɗin kayan soja irin na da, suna kafa tantuna a fili suna kwaikwayon yaƙin basasar Amurka. Ba namu na Biyafara nake nufi ba, nasu na 1861 zuwa 1865. Waɗanda suka fi jan hankalina su ne masu wakiltar rundunonin baƙar fata da suka yi yaƙi a ɓangaren Arewacin Amurka. Ina so in shiga, amma ban san bakin zaren ba. Me ake fara saya? Bindigar ta gaske ce, kuma da hatsari? Wanda kakanninsa ba su yi yaƙin ba yana da hurumin sa rigar? Sannan ban da harbe-harben, me ake yi na ainihin tunawa da sojojin? Masana a taimaka.

Malam Saje:

Wa alaikumus salam, Bazazzagi. Shawara ta farko: kada ka sayi ko maɓalli ɗaya kafin ka sami ƙungiya. Kowace ƙungiya akwai rundunar da take wakilta, da shekarar da ta ɗauka, da jerin masu ɗinkin da ta yarda da aikinsu. Kusan dukkansu suna da kayan aro da suke ba sabon shiga ya yi taro biyu ko uku da su. Wanda ya yi gaggawa ya je rumfunan 'yan kasuwar da ke bin taro, waɗanda ake kira sutler, ya kwaso kaya a rana ɗaya, yawanci sau biyu yake saye.

Ka kuma san rundunar da kake so tun da wuri, don wannan ne zai nuna tarukan da za ka je. Sai a watan Mayun 1863 gwamnati ta kafa ofishin ɗaukar baƙar fata soja, rundunonin da ake taƙaita sunansu da USCT. Babu rundunar baƙar fata da ta yi faɗa a Gettysburg, shahararren fagen dagar nan na jihar Pennsylvania. Wuraren da suka yi suna su ne Fort Wagner a ranar 18 ga Yulin 1863, da Olustee a Filorida ranar 20 ga Fabrairun 1864, da ramin nakiya na Petersburg, da New Market Heights inda sojoji baƙar fata 14 suka sami babbar lambar jarumta ta ƙasar. Taron Olustee a tsakiyar Fabrairu ake yinsa, kuma a kan ainihin filin dagar, abin da ba kasafai ake samu ba, domin hukumar da ke kula da filayen tarihi na gwamnatin tarayya ta hana kwaikwayon faɗa a ƙasarta. Fareti da nunin harbi kawai take bari. Shi ya sa na Gettysburg ma a gonakin mutane da ke kusa ake yi.

Idan lokacin saye ya yi, fara da abin da aro ba ya yi maka: takalmi. Sunansa brogan, na fata ne mai kaushi, tafinsa da ƙusoshin katako aka kafe shi. Sa a buga masa ƙarfen dunduniya, in ba haka ba duga-dugan za su cinye a kaka ɗaya. Ka yi mako biyu kana yawo da shi a gida da safar ulu mai kauri, don sabon brogan a ranar tafiyar mil biyar ƙafa zai sale maka. Mai sa tabarau kuma, firam irin na zamanin shi ne na biyu. Babu abin da ke tona asirin mutum daga nesa kamar gilashin roba. Daga nan sai hula, da riga mai maɓalli huɗu shuɗiya mai duhu, da wando mai launin sararin sama, da taguwar ciki ta auduga.

A kan rigar nan ake yawan yin asara. Ta asali ulu ce marar nauyi, saƙarta a sake, iska na ratsa ta. Ta araha kuwa kauri gare ta kamar bargo, an gauraya ta da zaren roba: tana dafa mutum a rana, tana narkewa in tartsatsin wuta ya taɓa ta, kuma bayan wata shida sai shuɗin ya koma ruwan makuba. Araha ba ta ado. Duba ramukan maɓalli: na lokacin da hannu ake ɗinka su ko da sauran rigar keke ya ɗinka. Wanda ya zo da kayan da ba su dace da zamanin ba, farb suke ce masa, kuma ba yabo ba ne.

Kayan fata su ne jakar harsashi mai gwangwani biyu a ciki wadda ke cin ƙunshin albarushi 40, da 'yar jakar hulunan kunna wuta (ƙananan murafen ƙarfe da gudumar bindiga ke bugawa su tayar da albarushi), da bel mai tambarin US, da kuben wuƙar bindiga. Sai gorar ruwa, jakar guzuri baƙa mai fenti, kofin gwangwani, bargo, shimfiɗar roba, da rabin tanti: kai rabi, abokinka rabi, ku haɗa da maɓallai ku kwana ciki. Bindiga ita ce ta ƙarshe, don ta fi komai tsada. Sabuwa takan haura dala dubu.

Batun hurumi kuwa, babu mai tambayarka takardar kakanni. Wannan sai ƙungiyoyin zuriya irin su Sons of Union Veterans, kuma su ma suna da matsayin da suke ba wanda ba jini ba. Ƙungiyoyin USCT kullum mutane suke nema.

Baban Ummi:

Malam Saje ya gama da tufafi, bari in kama bindiga, don nan ne ake jin ciwo.

Bindigar gaske ce, ɗan'uwa. Ta ɗuri ce, wadda ake zuba wa albarushi ta baki, kamar ta 'yan bindigar sarki a hawan Sallah, sai dai ta fi tsawo, cikinta kuma da zane. Iri biyu ne kusan kowa ke ɗauka: Springfield samfurin 1861, da Enfield samfurin 1853 da aka riƙa shigowa da ita daga Ingila. Tsawon kowacce ya kai mita 1.4, nauyi ya ɗan haura kilo huɗu. Waɗanda ake amfani da su yau kwafi ne, yawanci daga kamfanonin Italiya irin su Pedersoli da Armi Sport. In ka sa mata dalma za ta kashe mutum kamar yadda ta asali ta yi. Sayi mai zobe uku, wato ƙarafan da ke ɗaure bututun da katakon. Akwai gajera mai zobe biyu da tarurruka da yawa ba sa bari a sahu, kuma ga dalili: sahu biyu ake tsayawa, inci 13 tsakanin na gaba da na baya, na baya yana ɗora bindigarsa ta saman kafaɗar dama ta na gaba. Kunnen na gaba ya kamata ya faɗa tsakanin zobe na farko da na biyu, nesa da baki, nesa da wurin hula. Da gajerar bindiga, bakin a gefen fuskar mutum yake tashi.

Albarushin baƙi ake sa wa, na gargajiya, mai alamar FFg. Kada ka kuskura ka zuba na harsashin zamani marar hayaƙi, bututun zai tarwatse a hannunka. Awon ƙunshi ɗaya giren 60 ne, kusan giram huɗu, wanda shi ne awon sojan lokacin. Wasu tarurrukan suna bari har 70. Laba ɗaya giren 7,000 ce, ke nan za ka sami ƙunshi 115 ko kusa da haka. Yadda ake naɗawa: sami sanda mai kaurin rabin inci, naɗe ta da takarda marar kauri, murɗe ƙasan, zare sandar, zuba awo da ma'auni, ninke wutsiyar. Ban da ƙusar sitefula, ban da salatif, don duk abin da ya faɗa bututu harsashi ne. Ka naɗa nesa da wuta da taba, kuma ba daga babban gwangwani kai tsaye ba. Ɗebi kaɗan a kwano ka rufe sauran.

Sojan asali matakai tara yake bi wajen ɗuri, har da zaro sandar ɗuri ya danna harsashi. A filin kwaikwayo an cire wannan gaba ɗaya. Za ka yage ƙunshin da haƙori, ka zuba albarushin, ka yar da takardar, ka sa hula, shi ke nan. Ba a zaro sandar ɗuri a fili, saboda in ruɗani ya sa ka manta ta a ciki ka harba, mashi ka jefa wa mutanen da ke gabanka. Wuƙar bindiga ma a kube take zama lokacin faɗa.

Abin da ya fi ƙona mutane shi ne garwashin da ya rage a bututu daga harbin baya, ya kama sabon albarushi tun kana zubawa. Saboda haka bakin bindiga ya karkata daga fuskarka, ka riƙe ƙunshin da yatsu biyu daga gefe, kada tafin hannunka ya rufe bakin. Tsohuwar hular da ta riga ta tashi ka bar ta a wurinta, gudumar na danne da ita, har ka gama zubawa; in ka cire ta iska za ta shiga ta hura garwashin. Hula kuma ka nemi mai fiffike huɗu. Mai shida takan farfashe ta fallatsa wa na kusa da kai a kumatu, wurare da yawa sun hana ta.

Wani abin kuma: cikin ƙarar harbin sahu ba ka jin ko taka ta tashi. Mutum ya ɗauka ta tashi, ya ƙara ƙunshi na biyu, na uku, ranar da ta kama sai ta buga shi da ƙasa. Ka riƙa duban hayaƙi daga bakinta bayan kowane harbi. In ta ƙi tashi, sake hula. In ta sake ƙi, fita daga sahu wurin sajen da ke baya, a tsokace ramin hular da siririyar waya, a zubar da albarushin. Yawanci man da aka shafa ne ya taru a gindin bututu ya jiƙa shi. Maganinsa a goge bututun ya bushe da safe, a fasa hula biyu ba albarushi kafin a fita.

Kafin kowane faɗa ana duba makamai. Za a saki sandar ɗuri cikin bututu: in ta yi ƙara ƙyal, a tsabtace yake, in ta yi dum, akwai datti ko wani abu a ciki, ba za ka fita da ita ba. Za a kuma ja gudumar rabi a matsa kunama. In ta faɗa, bindigar ta faɗi jarrabawa. Idan abokan gaba sun matso kusa, sama ake ɗaga baki, ba a saita mutum. Kuma ka koyi alamar masu igwa: in ka ga sun gicciye sandunansu a kan igwar, ta ƙi tashi ke nan kuma tana iya tashi kowane lokaci, kada ka gifta gabanta ko da kwamanda ya ce a ci gaba.

Wanki a ranar ake yi, ba gobe ba. Tokar albarushi tana jan danshi, kwana ɗaya ya isa tsatsa ta kama. Toshe ramin hula da 'yar fata, zuba ruwan zafi, girgiza, zubar, maimaita har ruwan ya fito fari, busar da ƙyalle, sannan mai kaɗan. Sai ka binciki dokar jiharka kafin saye: dokar tarayya ba ta lissafa bindigar ɗuri cikin bindigogin zamani, amma jiha irin New Jersey tana lissafawa. Albarushi da hula kuma ba sa hawa jirgin sama ko a wace jaka.

Bazazzagi a Maryland:

Allah ya saka da alheri, Malam Saje da Baban Ummi. Wani abu ya ɗan tsaya mini: na ji abincin sojan lokacin naman alade ne mai gishiri. Musulmi ya zai yi a sansanin? Da salla kuma?

Malam Saje:

Wannan ba matsala ba ce, kuma ba sai ka saɓa wa tarihi ba. Rabon sojan Arewa a kan tafiya shi ne laba ɗaya ta busasshen biskit, da kashi uku cikin huɗu na laba na naman alade ko laba ɗaya da kwata ta naman sa, sai kofi da sukari da gishiri. Ka ga naman sa yana cikin ƙa'ida. Abin lura shi ne tarukan da ake raba abinci a sahu kamar na da. Ka gaya wa sajenka tun wajen rajista. Kada ka soya a kaskon kowa, ka zo da naka (rabin tsohuwar gorar ruwa ta ƙarfe ake yi da shi, a maƙala masa sanda), kuma jakar guzuri ta aro kusan kullum ta sha kitse, don haka ɗinka 'yar jakar ciki taka ta farin yadi.

Biskit ɗin, hardtack, a gida za ka yi: fulawa kofi huɗu, gishiri ƙaramin cokali biyu, ruwa kofi ɗaya da ɗan ƙari, kwaɓi mai tauri. Murza shi kaurin rabin inci, yanka murabba'i inci uku, huda ramuka 16 da ƙusa mai tsabta, gasa a wuta marar ƙarfi awa uku zuwa huɗu kana juyawa. In ka cire da sauran danshi a tsakiya, zai yi fumfuna cikin mako. Kada ka gwada haƙorinka a kansa, jiƙa shi a kofi.

Salla kuwa, faɗan da ake yi wa 'yan kallo da wuya ya wuce awa ɗaya, sauran yinin fareti ne da zaman sansani. Shimfiɗar robarka ta isa darduma. Addu'ar cocin safiyar Lahadi ba dole ba ce. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne taron Yuli in ya faɗo cikin azumi: ulu, rana, hayaƙi da kaya kilo goma sha wani abu, zafi ya fi bindiga kai mutane asibiti a harkar nan. Ba a barin kowa ya shiga fili sai gorarsa cike take.

Hajiya Mai Tarihi:

Ƙanena Bazazzagi, tambayarka ta ƙarshe ce ba a taɓa ba, kuma ni a ganina ita ce babba. Faɗan wasan shi ne mafi rauni a harkar. Mutum ya faɗi ya "mutu" a inuwa, bayan minti ashirin a busa bigila ya tashi ya karkaɗe wando ana tafi. Yaƙin da ya ci mutum aƙalla 620,000, wasu masana ma suna kai shi 750,000, kuma kashi biyu cikin uku cuta ce ta kashe su, gudawa da zazzaɓi, ba harsashi ba. Wannan ba ya kwaikwayuwa. Abin da ke kwaikwayuwa shi ne mutum ɗaya, da sunansa.

Don haka zaɓi soja ɗaya daga rundunar da ƙungiyarku ke wakilta. Fara da rumbun sunayen sojojin ƙasa da na ruwa da hukumar filayen tarihi ta sa a intanet kyauta; zai ba ka runduna da kamfani da muƙami. Daga nan nemi fayil ɗin aikinsa a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Washinton da fom NATF 86, na fansho kuma da NATF 85. Na aikin katuna ne kawai: shekaru, tsawo, garin haihuwa, sana'a, wane wata yana nan, wane wata yana asibiti. Na fanshon ne ke da nama. Tunda yawancin waɗanda suka fito daga bauta ba su da takardar aure ko ta haihuwa, sai da shaidu suka yi rantsuwa, don haka za ka tarar da bakin matarsa, da na abokan sahunsa, da sunan wanda ya taɓa mallakarsa. Inda ake ɓata: rubutun suna. Magatakarda yadda ya ji yake rubutawa, wasu kuma da sunan ubangida suka shiga soja suka sauya bayan yaƙi. Gwada rubutu uku ko huɗu kafin ka ce babu shi.

Ka san maganar albashi, don 'yan kallo suna tambaya. Farin soja dala 13 a wata. Baƙi dala 10, a cire 3 na tufafi, saura 7. Runduna ta 54 da ta 55 ta Massachusetts suka ƙi karɓar ko sisi fiye da shekara guda, har majalisa ta daidaita albashin a Yunin 1864. Kusan baƙar fata 179,000 suka yi sojan ƙasa, wajen 19,000 na ruwa. A unguwar U Street ta Washinton, tafiyar awa ɗaya daga Baltimore, akwai wurin tunawa da aka buɗe a 1998, bangonsa ɗauke da sunaye 209,145, har da fararen hafsoshinsu.

Kuma tunda ka yi maganar kakanni: a runduna ta 55 ɗin akwai Nicholas Said, wanda sunansa na yanka Muhammad Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa ta Borno. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi, ya bi ta Tarabulus da Istambul da Rasha kafin ya iso Amurka, ya shiga soja a 1863 har ya kai saje. To ka ga rigar ba baƙuwarmu ba ce gaba ɗaya.

Aikin kaburbura shi ne inda ƙungiyoyi suka fi buƙatar hannu. Dutsen sojan Arewa kansa a zagaye yake, da siffar garkuwa a lotse. Na 'yan Kudu kansa da tsini. Wankinsa: izinin masu maƙabarta tukuna, sai ruwa mai yawa, buroshi mai laushi, da maganin da ake kira D/2, a wanke daga ƙasa zuwa sama, a bar shi ya ci gaba da aiki makonni. Ban da bilic, ban da buroshin waya, ban da injin fesa ruwa. Marmara ne, bilic yana barin gishiri a cikinsa ya riƙa marmashewa har rubutun ya shafe. In kabarin ba shi da dutse sam, ma'aikatar tsofaffin sojoji tana bayarwa kyauta da fom 40-1330, in an haɗa shaidar aikin soja da sa hannun maƙabarta. Kuɗin kafawa a maƙabarta mai zaman kanta ne ke kan masu nema.

Ranakun fita: Litinin ta ƙarshen Mayu, ranar tunawa da sojoji, wadda Janar John Logan ya yi umarni da ita a 1868, ko da yake tun 1 ga Mayun 1865 'yantattun bayi a Charleston suka yi jerin gwano suka zuba furanni a kaburburan fursunonin Arewa 257. Sai faretin Gettysburg na watan Nuwamba, kusa da ranar 19 da Shugaba Lincoln ya yi jawabinsa a can.

Baban Ummi:

Hajiya, ranki ya daɗe, ban ƙi taki ba, sai dai hayaƙin ne ke kawo mutane filin, in sun zo sannan a gaya musu zancen dala bakwai. Ƙari ɗaya ga Bazazzagi: a bikin kabari in za a yi harbin girmamawa, sau uku ake yi, baki sama sosai, kuma a tsaya nesa da duwatsun don toka tana ɓata farin marmara. Faretin Nuwamba kuma ba a ɗaukar albarushi ko hula, jaka wayam ake zuwa da ita. Sanyin Pennsylvania a lokacin ba wasa ba ne, ka nemi aron babbar rigar sanyi mai launin wandon tun watan Oktoba, kafin a rigaye ka.